Akalar Jirgin Wasa: A Hannun Wa Take?

   

Da kwamitin mujalla ya nemi in rubuto wani abu a kan tarihi, na san da yawa za su zaci tarihin sarautar Kazaure zan ɗauko, ko na ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. To, waɗannan akwai waɗanda suka fi ni saninsu a cikinmu. Ni tarihin abin wasa na ɗauko, wato ɗan ƙaramin jirgin saman nan da ake ƙerawa don sha'awa, da gardamar da aka yi shekara fiye da 20 ana tafkawa a kansa tsakanin hukumomi da masu wannan sha'awa. Gardamar kuwa ita ce: dole ne sai hannun mutum ya tuƙa jirgin, ko kuwa ana iya barin na'ura ta tuƙa shi? Kada mai karatu ya raina batun. Maganar ta kai gaban majalisu da kotuna, kuma yanzu ta iso har ƙofar gidajenmu.

Ranar da jirgi ya sha shayin Malam

'Yan ajinmu ba za su manta da wata safiya a ƙarshen 2003 ba, muna aji biyu, hunturu ya fara busowa. Wani abokinmu ɗan Roni, wanda yanzu magidanci ne kuma ba zan tona shi ba, ya kwashe mako biyu yana haɗa jirgi da kara da totuwa da ledar burodi. Farfelar ya yanko ta daga gwangwanin madara, injin kuwa robar tsohon tub ɗin keke ce da ake murɗawa. Lokacin tara ya murɗa robar ya saki jirgin. Mu duk mun zaci nan take zai faɗi, ashe abin ya yi kyau. Iska ta ɗauke shi, ya yi kwana, ya shige ta tagar ofishin malamai, ya ture kofin shayi a kan rajistar wani aji.

Da aka gurfanar da shi, Malamin ladabtarwa ya ɗaga jirgin ya ce, "Wane ne direban wannan?"

Abokinmu ya durƙusa ya ce, "Malam, ai ba shi da direba. Shi ya kai kansa."

Malam ya ce, "Na ji. To, wa ya murɗa robar, wa kuma ya sake shi?"

Nan magana ta ƙare. Ya yi kwana uku yana yankan ciyawa. Amma Malaminmu na kimiyya ya je ya roƙi arziki, aka ba mu filin ƙwallo kowace Asabar bayan an gama duba ɗakunan kwana, bisa sharaɗi biyu: kada a saki jirgi kusa da azuzuwa, kuma wanda ya saki jirgi ya tsaya a wurin har ya faɗo. Da na girma na karanta tarihin wannan harka, sai na ga ashe manyan ƙasashe ma a kan waɗannan sharuɗɗa biyu suka ƙare, bayan sun sha dogon zagaye.

Tun asali ba shi da matuƙi

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, jirgin wasa ya girmi jirgin da ke ɗaukar mutane, kuma ba shi da matuƙi aka haife shi. Ran 18 ga Agusta, 1871, wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya saki ɗan jirginsa mai tafiya da murɗaɗɗiyar roba a wani lambu a birnin Faris. Ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Hikimarsa ita ce yadda ya daidaita fukafukai da wutsiya, har jirgin yake miƙe kansa in ya karkata, ba tare da wani ya taɓa shi ba. A 1878 wani Ba'amurke ya kawo wa 'ya'yansa biyu tsarabar abin wasa mai tashi irin na Pénaud. Yaran nan su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a watan Disamba na 1903. Shekara 22 bayan haka, ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Ka ga ke nan tsakanin robar Pénaud da jiragen alhazai da muke ɗaga wa hannu muna yara akwai dangantaka ta jini.

Shekaru da dama haka ake wasan: a murɗa, a saki, a bi shi da gudu. Sai wajen 1940 aka yayata wani salo na ɗaura wa jirgi siraran wayoyi biyu, mai shi ya tsaya a tsakiya yana juyawa da shi, kamar yadda muke riƙe zaren jirgin leda. Kusan a lokaci guda, a ƙarshen shekarun 1930, wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka nuna ana iya tuƙa ƙaramin jirgi daga ƙasa ta hanyar rediyo. Daga nan ne hannun mutum ya hau kan akala. Saboda haka masu cewa tuƙi da hannu shi ne asali, tarihi bai goyi bayansu ba. Asalin shi ne irin na abokinmu ɗan Roni. Abin da ya hana shi zama abin tsoro a wancan zamani shi ne ba ya nisa. Robar na warwarewa, jirgin ya faɗo a gaban mai shi.

Zamanin amana

A 1936 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyarsu da ake kira AMA a taƙaice. Ita ce ta tsara musu ƙa'idojin kiyaye haɗari, ta samo musu filaye, ta yi musu inshora. Sabon shiga sai ya je fili, wani tsohon hannu ya tsaya kusa da shi yana koya masa. Ba kuma yadda za a yi mutum ya tsallake wannan mataki, domin tuƙa irin wannan jirgi da rimot ba wasa ba ne. Wanda bai iya ba, cikin daƙiƙa kaɗan zai farfasa abin da ya yi wata uku yana haɗawa. Wahalar koyon ita ce shingen da ke tace mutane.

Saboda haka hukuma ba ta ga dalilin matsa musu ba. A watan Yuni na 1981 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta fitar da wata takarda mai shafi guda, ita ma shawara ce ba doka ba. Ta ce a nisanci cunkoson jama'a, kada a wuce ƙafa 400 a sama, wato kimanin mita 120, a sanar da masu filin jirgi in ana wasa a cikin mil uku daga gare su, kuma a kauce wa manyan jirage. Shafin nan guda shi ya riƙe harkar shekara kusan 30. Mu ma'aikatan gwamnati mun san abin mamaki ne a ce takarda ɗaya tilo ta yi wannan daɗewa ba ta haifi fayil ba.

Tsohon da ya tsallake teku

A shekarar da jirgin kara ya sha shayin Malam, a shekarar ne wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill ya yi abin da ya girgiza wannan amana. Yana da shekara 77, idonsa ya yi rauni ƙwarai, kunnensa ma haka. Burinsa shi ne ya tura jirgin wasa ya tsallake Tekun Atilantika. Ƙa'idar gasa ta ce kada jirgin ya wuce kilo 5 har da mansa. Ya yi asarar jirage huɗu a teku, uku a 2002, ɗaya a 2003. Na biyar ya tashi daga gaɓar Newfoundland a Kanada ran 9 ga Agusta, 2003, ya sauka a yammacin ƙasar Ayilan ran 11 ga wata. Ya yi tafiyar kilomita fiye da 3,000 cikin sa'a 38 da minti 52, kuma da ya sauka ɗan man da ya rage a tankinsa bai cika kofin shayi ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Da hannu aka tayar da jirgin, da hannu aka saukar da shi, kuma wanda ya saukar da shi shi ne Dave Brown, shugaban ƙungiyar AMA a lokacin. Amma duk tsakiyar tafiyar, dare biyu a kan ruwa, wata 'yar na'ura ce ke tuƙi, tana karɓar bayanin inda take daga taurarin ɗan'adam na GPS. Babu idon da ke ganinsa, babu hannun da zai iya juya shi.

Aka yi murna, aka yi tafi, amma murnar da fargaba a cikinta. Shekara biyu kacal ke nan da harin 11 ga Satumba, 2001. Kowa ya ga cewa in dattijo mai raunin gani zai iya aika kilo 5 zuwa wata nahiya daga ɗakin aikinsa, to mai mugun nufi ma zai iya. Daga nan aka fara tambaya: wannan har yanzu jirgin wasa ne, ko ya zama wani abu dabam? Ita kanta AMA daga baya ta rubuta wa 'ya'yanta ƙa'ida cewa ana iya amfani da na'urar tuƙi, amma da sharaɗin jirgin ya zauna inda idon mai shi ke ganinsa, kuma mai shi ya iya ƙwace tuƙin nan take in ya ga dama.

Da shinge ya faɗi

Abin da Hill ya sha wahala kafin ya haɗa, cikin shekara goma ya zama kayan kanti. A 2007 wani ɗan jarida mai suna Chris Anderson ya fara tara masu sha'awar haɗa na'urar tuƙi da kansu, shi da wani saurayi ɗan Meziko, Jordi Muñoz, suka yayata manhajar ArduPilot wadda kowa ke iya ɗauka kyauta. A watan Janairu na 2013 kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da Phantom, jirgi mai farfela huɗu wanda ake ciro shi daga kwali a tashe shi a ranar. In ka saki rimot sai ya tsaya cak a sama. In sadarwa ta yanke sai ya juyo da kansa zuwa inda ya tashi, kamar tattabarun da muke kiwo muna yara. Shingen nan na wahalar koyo ya faɗi ƙasa warwas. Dubban ɗaruruwan mutane da ba su taɓa taka filin ƙungiya ba, ba su taɓa jin maganar ƙafa 400 ba, suka shiga sararin sama.

Tsofaffin hannu suka ga wuta na shirin cin gemunsu. Suka matsa wa majalisar dokokin Amurka, a 2012 ta saka musu sashe na 336 a cikin wata doka, wanda ya hana FAA kafa wa jirgin wasa sababbin dokoki. Amma a nan ne aka fayyace mene ne jirgin wasa: wanda ake tashinsa don sha'awa kawai, kuma yana cikin ganin idon mai tuƙa shi. A 2014 FAA ta ƙara bayani cewa ido na nufin idon mutum na halitta, ban da kallon hoton da kyamarar jirgi ke aikowa.

Rigima ba ta kwanta ba. Ran 26 ga Janairu, 2015, wani Phantom ya ƙwace wa mai shi cikin dare ya faɗa harabar fadar shugaban Amurka. A watan Disamba na wannan shekara FAA ta ce duk jirgin da ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista a kan dala 5. Wani lauya mai sha'awar harkar, John Taylor, ya kai ƙara, kuma a watan Mayu na 2017 kotu ta ba shi gaskiya ta soke rajistar. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta dawo da ita. A watan Oktoba na 2018 aka soke sashe na 336 ɗungurungum. Wata biyu bayan haka, daga 19 zuwa 21 ga Disamba, rahotannin ganin irin waɗannan jirage suka sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, tashi da sauka kimanin 1,000 suka rushe, fasinjoji wajen 140,000 suka tagayyara. Daga nan babu sauran mai sauraren maganar a bar su da amanarsu. A 2021 Amurka ta fito da jarrabawar da kowane mai sha'awa zai ci, da kuma dokar da ta ce jirgi ya riƙa watsa lambarsa da inda yake a lokacin da yake sama, sai dai in a wasu filayen ƙungiyoyi da aka amince da su ake wasan.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan hannu suna cewa, mutumin da ke tsaye a fili yana kallon jirginsa zai hango babban jirgi ko helikwafta ya kauce, zai ga yaro ya shigo fili ya janye. Daɗin daɗawa, shi kansa ana ganinsa, in an yi ɓarna ga shi nan a tsaye da rimot a hannu. Wanda kuwa ya zana wa jirgi hanya a waya ya sake shi, yana iya komawa ɗaki ya kwanta. Suna kuma ƙorafin cewa laifin baƙi ne ya shafe su, an yi musu kuɗin goro da mutanen da ba su san darajar harkar ba.

Masu goyon bayan na'ura su kuma suna cewa, hannun mutum yana rawa, idonsa yana ruɗewa in jirgi ya yi nisa har ya kasa gane gaba da baya, alhali na'ura ba ta firgita. In rediyo ya yanke, jirgin hannu zalla sai ya tafi inda iska ta kai shi, mai na'ura kuwa ya dawo gida. Suna ƙarawa da cewa yaron da ya koyi rubuta wa jirgi umarni a kwamfuta ya koyi sana'ar gobe, hana shi kuwa kamar hana ɗan makaranta alƙalami ne don ana iya tsokane ido da shi.

Kowanne yana da gaskiyarsa, shi ya sa hukumomi suka daina neman raba jirage gida biyu, na hannu da na na'ura. Dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2020, ita ta fi fito da abin fili. Ta bambanta jirgin da ke bin umarnin da aka ba shi amma mai shi na iya karɓe tuƙi, da jirgin da in ya tashi mai shi ba shi da ikon sa baki. Na farko an yarda wa mai sha'awa da shi muddin yana ganinsa. Na biyu ba a yarda ba sai da izini na musamman. Ta kuma buɗe wa ƙungiyoyin masu jirgin wasa ƙofar samun izinin ci gaba da harkarsu bisa tsarinsu. Shi ma kamfanin DJI, wanda ya daɗe yana kulle jiragensa kada su shiga wuraren da aka hana, a watan Janairu na 2025 ya mayar da kullen ya zama gargaɗi kawai a Amurka. Ma'ana, alhaki ya koma wuyan mai jirgi.

Mu a gida Nijeriya

A nan gida labarin ya bi wata hanya. A 2007, muna ajin ƙarshe, jaridu suka ɗauko labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa helikwafta da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga ƙafa bakwai daga ƙasa. Mun yi ta yawo da yankakkiyar jaridar a aji. Masu basira muna da su tun tuni. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rumfar da za ta tara su ta yi magana da yawunsu.

Saboda haka da doka ta zo, babu wanda ya tsaya wa mai sha'awa. A watan Mayu na 2016 hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ba da sanarwar cewa babu wata ma'aikata ko kamfani ko mutum da zai tashi jirgi maras matuƙi don kowane irin dalili sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Sharuɗɗan izinin na wancan lokaci an auna su ne da kamfanoni: kuɗin neman izini Naira 500,000, da jarin kamfani na Naira miliyan 20. A sanarwar babu maganar wane ne ke tuƙi, hannu ko na'ura. A 2022 kamfanin Zipline, bayan ya sami izini, ya fara kai magunguna asibitocin karkara daga Pambegua a Jihar Kaduna da jiragen da ke tuƙa kansu tun daga tashi har dawowa. A 2023 hukumar ta sake fasalin dokokinta, ta ware kashi na 21 domin irin waɗannan jirage.

Ban ga laifin hukuma ba da ta ji tsoro. Mun ga abin da ya faru a Tudun Biri ran 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya hallaka mutane aƙalla 85 a wajen Mauludi, duk da cewa mutane ne ke sarrafa shi daga nesa. A watan Janairu na 2025 rundunar da ke yaƙi a Arewa maso Gabas ta hana tashin waɗannan jirage a yankin, bayan 'yan ta'adda sun fara amfani da su. Mu ma nan Babura tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Jirgin da aka zana wa hanya bai san shingen kwastan ba. A Roni kuwa dutse ɗaya ya isa ya raba jirgi da idon mai shi.

Amma tsoro yana da nasa farashi. Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke zaune a Gwiwa, ya haɗa jirgi da farin soson kwalin firji da ɗan injin da ya yi wata shida yana tara kuɗinsa. Da rimot yake tuƙa shi, ba kyamara, ba komai. Yana kan hanyar kawo mini shi in gani, wasu jami'ai a wani shinge suka karɓe. Ban zarge su ba, domin yaron ba shi da wata takarda ko katin wata ƙungiya da zai nuna, su kuma ba su da yadda za su bambanta shi da wanda ake tsoro. Da muka haɗu ya ce mini, "Kawu, kai da kake aikin gwamnati, wane ofishi zan je a rubuta cewa ni ba ɗan ta'adda ba ne?" Tun ranar maganar take cina.

Hukuncin dabba da gona

Ni ba malami ba ne, amma da yawanmu mun karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure. A cikinta an yi bayanin cewa mahayin dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, su ne da alhakin abin da ta tattake. Haka kuma ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana wuyan masu su, domin da dare haƙƙinsu ne su killace su. Dabba tana da nata kai, tana tafiya inda ta so, amma ba a taɓa kai saniya gaban alƙali ba. Mai ita ake nema. Kuma a ƙasarmu ba a hana kiwo don gudun ɓarna ba, sai aka fitar da burtali da makiyaya, aka san lokacin sakin dabbobi bayan an kawar da amfanin gona.

To, jirgin da ke tuƙa kansa dabbar sake ce, wanda ake tuƙawa da hannu kuma dabba ce mai akala. A duka biyun tambayar ɗaya ce, ita ce wadda Malamin ladabtarwa ya yi mana: wa ya sake shi? Maganin kuma shi ne wanda Malamin kimiyya ya samo mana: a ba su fili, a sa musu sharaɗi, a san mai kowane jirgi.

Shawara ga ƙungiyarmu

Yau a Kazaure muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon kwamfuta, a Babura kuma an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Masu ɗaukar hoton biki da na hawan salla sun riga sun fara shawagi da waɗannan jirage a kanmu, ko mun so ko mun ƙi. Amma yaranmu masu ƙere-ƙere kowa shi kaɗai yake fama a zaurensu, yana ɓoye abin da ya haɗa kamar kayan sata.

Shawarata ga taronmu na gaba ita ce mu ɗauki nauyin kafa kulob na masu jirgin wasa a makarantarmu. Mu roƙi hukumar makaranta ta ba su filin ƙwallo ran Asabar kamar yadda aka ba mu. A buɗe littafi a rubuta sunan kowane yaro da jirginsa, a manna lamba a jikin jirgin. A sanar da Hakimi da ofishin 'yan sanda na yanki, a kuma rubuta wa NCAA a nemi ta bayyana abin da ake bukata, lauyoyinmu da ma'aikatanmu su bi takardun, ni kuma na ɗauki alkawarin rubuta ta farko. Yaro ya fara da jirgin roba, ya koma na rimot, sai hannunsa ya faɗa sannan a bar shi ya sa na'urar tuƙi, kuma ko da na'urar, jirgi ba zai fita daga ganin idonsa ba, yatsansa kuma na kan maɓallin karɓe tuƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abokinmu ɗan Roni kuwa, in yana karanta wannan, ya sani shi za mu naɗa uban kulob. Ya riga ya biya kuɗin rajistarsa da lauje tun 2003.